Azumin da Firji Ya Ƙi Tashi

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara. Tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, kafin azahar kuwa ko tabarmar salla ka taɓa sai ka ji kamar yanzu aka sauke ta daga murhu. Da yarana suka ga na fara jigata sai suka haɗa kai suka turo mai sa sola. Da mutumin ya gama haɗawa, ya zaro wata 'yar na'ura da ba ta fi wayar hannu ba, ya maƙala mata wayoyi, ya ce in kunna firji. Na kunna. Wani layi ya yi tsalle a fuskar na'urar, ya tsaya cak a inda ya kai, yana jiran a kalle shi. Mutumin ya duba a tsanake, ya ce babu matsala Hajiya. Ni kuwa sai da na nemi kujera na zauna. Na san layin nan. Na taɓa farautarsa da idona, da azumi a bakina, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, lokacin ba ya tsayawa kowa ya kalle shi.

Muna Hayin Banki a lokacin, gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke kula da na'urorin ɗakin gwajin lantarki a wata makarantar koyon fasaha. 'Yarmu Dije tana firamare aka gano tana da ciwon suga, irin na yara, wanda ba ya jin ƙwaya ba ya jin sassaƙe, sai allura safe da yamma. Ni nake yi mata. In dafa sirinjin gilashi a ƙaramar tukunya, in murza kwalbar insulin a tafin hannu har farin ruwan ya haɗe, in yi bismilla, in tsira mata a cinya tana kallon rufi. Likita ya ja mana kunne a kan abu biyu: kada maganin ya sha zafi, kada kuma ya daskare. A shekarar nan maganin ya ɓace a gari. 'Yan kwalaben da muke da su wani ɗan'uwan Malam ne ya aiko daga Legas bayan dogon nema, ya kuma ce mu riƙe su da kyau, don bai san ranar da zai sake samu ba.

Ana dab da ganin watan azumi, taransifomar unguwarmu ta kama da wuta. Aka ce sai an kawo wata. Muka shiga jira.

Zafin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba sai bana. Hadari yakan haɗu ta gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, a yi ta cida, sannan iska ta kwashe shi ta yi wajen Katabu da shi, ta bar mu da gumi. Famfo ya ɗauke. Rijiyar gidan sai ka zura guga ka jira, ya fito rabi ruwa rabi laka. 'Yan garuwa suka yi tsada kamar angwaye, sai ka aika tun safe a kawo maka da yamma. Waɗanda suka tsallaka gada suka ce kogi ya koma duwatsu, yara na ƙetarawa da ƙafa. Albashi kuma ba ya kai tsakiyar wata. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne da ƙosai in an samu wake, in ba a samu ba kunun kaɗai da kwaɗon zogale. Tuwon da na aje don sahur, kafin asuba ya fara yauƙi, haka za mu tura shi da miyar kuka muna kawar da hanci. Dije ita tukunyarta daban, acca da ganye, ba suga ba zuma.

Abin da na fara yi shi ne na nemi wata mata a Kawo mai sayar wa masu azumi ƙanƙara, don layinsu ana ɗan kawo wuta. Na kai mata kwalba ɗaya a ƙulle cikin hankici, na yi mata bayani iyakar iyawata. Baiwar Allah ta tausaya, ta ce maganin yarinya ai wurin da ya fi ko'ina sanyi ya cancanta. Bayan na tafi sai ta tura shi can ƙasan firiza, tsakanin ledojin ƙanƙara. Da na koma ta miƙo mini shi tana murmushi, ya yi tauri kamar dutse. Ya narke a hannuna kafin in iso gida, ya zama gudaji-gudaji yana manne wa gilashi. Na dai yi mata godiya, na ja mayafi na rufe fuska a cikin motar haya.

Daga nan muka koma dabarar iyayenmu. Na zuba rairayi a babban daro, na binne ƙaramin tulu har wuya, na jera sauran kwalaben a ciki, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Amma rairayi ma ruwa yake sha, ya fi mu sha. Sai muka mai da daron nan wurin alwala. Duk wanda zai yi alwala a gidan ya tsuguna a kansa, abin da ya zubo daga fuska da hannu rairayi ya shanye. Da safe in na zura hannu cikin tulun nakan ji ɗan sanyi-sanyi. Da rana tsaka kuwa ɗumi nake ji, irin na jikin mutum.

Kiyashi ne suka fara gaya mini. Wata safiya na ga sun yi layi a bakin makewayi inda Dije ta yi fitsari. Ƙishirwa ta dawo mata, irin ta farkon ciwon. Yarinya mai kunya, tana ganin kowa da azumi, sai ta riƙa faki idona ta je randa a hankali, ta riƙe moɗa da hannu biyu kada ta yi ƙara. In na kama ta sai ta ce in yi haƙuri, ta sake sha, kamar wani laifi ta yi. Wuyanta ya zurma. Ta daina zuwa makaranta, ta daina faɗa da ƙannenta, sai kwanciya a siminti tana bin inuwa. Na kai ta asibiti, likita ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ce zafi ya fara cinye ƙarfinta. Ya ƙara yawan abin da zan riƙa zuƙa, ya ce waɗanda ba a buɗe ba in ba su shiga firji ba su ma haka za su bi. Ƙarin nan kuwa na nufin maganin zai fi saurin ƙarewa.

Firjin yana nan a kusurwar ɗaki, ƙofa a buɗe, muna aje kwanuka a ciki. Malam ya ce zai tashe shi da batir. Yanzu inbata kowane shago a Babbar Kasuwa akwai ta, a lokacin kuwa ko sunanta mutane ba su sani ba. Ya ce abu ne da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida, kuma shi zai haɗa da hannunsa. Maƙwabcinmu Malam Lawal, Bakatsine ne mai tuƙa babbar mota a hanyar Zariya, ya ɗauki nauyin batir. Da safe ya tafi da wanda ya mutu ya sa a mota, da yamma ya dawo mana da shi a cike. In Malam ya taso daga aiki sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni in riƙe naɗin wayar jan ƙarfe a jikin muciya ina sakar masa, shi yana naɗawa. Akwai wasu 'yan ƙarafa masu kama da murfin kwalba da yake kira taranzista, su ne ke ɗaukar nauyin wutar. Ya jera su, ya haɗa, ƙwai ya kama, fanka ta juya, yara suka yi ta tsalle.

Da ya jona firji sai muka ji ƙyat, sannan wani gurnani, sannan hayaƙi. Wari kamar an babbake gashi. Ya sauya taranzista ya sake, suka sake ƙonewa. Ya riga ya auna wani firji irin namu a wurin aiki da mitarsa mai allura, ya ninka wannan lamba da waccan, ya ƙara da rara, abin da ya haɗa ya kamata ya ɗauka har da saura. Yakan zauna da ƙonannun a tafin hannu yana cewa lissafinsa daidai ne, ba da ni yake ba, da kansa yake. Ya bi shagunan masu gyaran rediyo har suka ce babu, ko ta kuɗi ko ta roƙo. In an sha ruwa sai ya kurɓi kunu kaɗan ya ture kwanon.

Ran nan sai ga shi a motar Malam Lawal da wani akwatin ƙarfe ruwan toka, mutum biyu suka shigo da shi. Gabansa ɗan gilashi ne mai zanen gidaje kamar dara, da maɓallai birjik. Yaran unguwa suka ɗauka talabijin muka saya. Malam ya ce sunansa osiloskop, a wurin aiki ya sa hannu ya aro. Na yi sakandare, na san volt na san amfiya, amma ban taɓa ganin wannan ba. Ya ce mini allurar mita kamar tsoho ce, kafin ta dafa ƙasa ta miƙe abin da ake son gani ya wuce, kuma ko ta miƙe, matsakaici take faɗa. Wannan kuwa wutar kanta yake zanawa, yadda take hawa da sauka. Ya ce akwai abin da firjin nan yake yi a lokacin tashi da bai gani ba, kuma ba zai sake ƙona ko guda ba sai ya gani.

To amma sai an ba firjin wuta mai ƙarfi ya tashi kafin a ga abin da yake sha. A layinmu mutum ɗaya ke da janareta, Sani mai walda, mutumin Zamfara, shi ma mai ya yi masa wuya, ɗan abin da ya samu na aikin wata ƙofa ne da aka ba shi. Malam ya je da kansa. Sani ya saurara, ya ce, “Awo, Malam, ɗiyarka ai ɗiyata ta. Amma man kaɗan na. In ya ƙare, ya ƙare.” Aka bi gida-gida ana aron waya, wannan ja, wannan baƙa, aka ƙuƙƙulla, aka ɗora ta kan katangu har ɗakinmu.

Rana ta take aka fara. Malam ya yanko ɗan guntun waya daga tsohon risho na lantarki, wanda ya riga ya auna a wurin aiki, ya sa a hanyar wutar firjin yadda duk abin da ya sha sai ya bi ta cikinsa. Na'urar tana da wayoyi biyu masu tsini, ɗaya ya kai wa wutar da ke shigowa, ɗaya ya kai wa guntun nan. Kowace tana da ɗan maƙali mai haƙora, ya haɗa su duka wuri guda ya sake dubawa, ya ce in aka raba su wuta za ta bi ta cikin kayan gwamnati, mu rasa na'ura mu rasa aiki. Ya ɗauki siririn sukudireba ya yi ta gyara wani ɗan ƙusa har wani zane ya miƙe sak, ya ce in ma'auni ya karkace duk abin da aka auna ƙarya ne. Ina jin janareta ta bayan katanga tana cin mai, shi kuma bai yarda ya yi gaggawa ba.

Sai matsala ta fito. Hannunsa na kan makunni a bayan firji, ba zai ga gilashin ba. Hasken rana kuma ya wanke koren layin, ba a ganinsa sosai. Ya dube ni. Ya ce in sa silifas in hau kan busasshen katako, kada ko gwiwar hannuna ta taɓa ƙarfen akwatin. Ya ce da zarar ya kunna layin zai yi tsalle ya dawo, ƙiftawar ido ne, in riƙe inda ya kai. Na ce ido ai ba ya riƙe abu, bari in zo. Na ɗauko tandun kwallina, na dangwala tsinken a man gyaɗa na tsoma. Na yafa baƙin zane ya rufe kaina da fuskar na'urar, kamar masu ɗaukar hoto na da.

Cikin zanen nan ban san yadda zan kwatanta ba. Akwatin yana fitar da nasa zafin, ga numfashina, ga maƙogwaro a bushe har harshe na manne wa dasashi. Ba abin da nake gani sai koren layi a kwance. Ya ce, “Kin shirya?” Na ce na shirya. Ƙyat. Layin ya ɓace gaba ɗaya, ya fice ta saman gilashin, sannan ya dawo. Na gaya masa ya wuce rufi. Ya zo ya murza wani maɓalli don a rage tsawon zanen, ya ce sai mun jira firjin ya huta, in aka tashe shi nan take ba zai nuna gaskiya ba. Muka tsaya muna sauraron man Sani yana ƙonewa a banza. A karo na gaba, daidai lokacin da ya kunna, gumi ya gangaro mini cikin ido. Na ce ban gani ba. Bai yi faɗa ba, ya ce in share. Muka sake jira. Janareta ta fara tari, Sani ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce a hanzarta.

Na buɗe ido har suna zafi, na kai tsinken kusa da gilashi, ina salati a zuci. Ƙyat. Layin ya kumbura ya yi sama, na dangwala, ya faɗo.

Malam ya shigo ƙarƙashin zanen, kanmu a haɗe. Firji na aiki, layuka biyu suna tafiya kamar igiyar ruwa. Ya nuna mini yadda ba sa hawa tare, ɗaya na gaba ɗaya na biye, kamar liman ya yi ruku'u sannan mamu su bi. Ya ce shi ya sa ninka lamba biyun mita ba ya ba da gaskiya, sai an bi gida-gida a ninka na sama da na ƙasa a daidai lokaci guda. Yana karanta gidajen ina maimaitawa, har janareta ta yi tarin ƙarshe. Layukan suka tsuke suka zama ɗigo, ɗigon ya mutu. Aka bar mu da baƙin gilashi da alamar kwallina can kusa da sama, alhali layin firjin yana aiki ko gida ɗaya bai cika ba.

Ya juya kalanda ya yi lissafi a bayanta. Da ya gama ya cire tabarau ya aje. Ya ce abin da firjin ke fizga a ƙiftawar idon nan ya ninka na tafiyarsa sau da yawa, taranzistocin da suka rage masa ko rabi ba za su ɗauka ba. “Waɗanda suka ƙone da ina da su yanzu da sun isa,” ya ce. “Zato ne ya cinye su.” Dije tana kwance a bayanmu a siminti, ta ɗago kai ta tambaya ko an kashe talabijin ɗin ne. Numfashinta yana wani ƙamshi kamar na ayabar da ta nuna ta wuce. La'asar ɗin ranar nan na daɗe a sujada, amma duk addu'o'in da na haddace sun gudu, ba abin da ke fitowa sai ya Allah, Dije.

Malam Lawal ne ya tuna da lasifikar masallaci. Tun da wuta ta tafi injinta ke kulle a kabad, kuma cike yake da irin 'yan ƙarafan nan. Malam ya ƙi, ya ce kayan Allah ne, da wane baki zai roƙa. Malam Lawal ya ce mashi ai yarinyar ma ta Allah ce, ya ja hannunsa suka tafi wurin liman. Liman ya tambayi Malam in su ma suka ƙone fa. Malam ya ce a da yana ɗora kaya ne bai san nauyinsa ba, yanzu ya auna, in aka haɗa na masallaci da nasa za su ɗauka. Liman ya ce kafin lasifika ai da maƙogwaro ake kiran salla, ya ɗauka, in wuta ta dawo ya mayar.

Aka warware naɗin aka sake da waya mai kauri, na koma riƙe muciya. Ya nemi abin da zai kwashe zafi, na ba shi babbar tukunyata ta alminiyom, Sani ya yanka ta ya buge ta ta miƙe, aka jera taranzistocin a kai sahu-sahu. Ana gab da magariba ya ce kowa ya ja baya. Ya yi bismilla. Ƙyat. Ƙwan da ya jona a gefe ya dushe ya yi ja, firjin ya yi gurnani, na rufe hancina ina jiran warin. Sai ƙwan ya dawo, gurnanin ya koma wani ɗan zuu mai laushi. Malam ya riƙa bin 'yan ƙarafan da bayan yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana taɓawa yana gyaɗa kai. Kunu ya huce a kwano ba wanda ya tuna da shi.

Sai dai firji ba ya mayar da abin da rana ta riga ta cinye. Na tono kwalaben daga tulu na goge su na jera a ciki, amma ba mu san ko da sauran rai a cikinsu ba, kuma wannan ba na'urar da za ta auna mana sai jikin yarinyar. Na buɗe sabuwa. Na ɗaga ta a haske ban ga gudaji ba, na murza, na yi bismilla, na tsira. Batir ba ya kai yini, sai mu tashi firjin da safe da yamma, mu cika shi da kwalaben ruwa su riƙe sanyi, ba mai buɗe ƙofar sai ni. Na shiga kallon Dije kamar mai gadin tukunya. Yau in ga kamar ta ɗan farfaɗo, gobe in ce idona ne ke yi mini abin da nake so. Na daina gaya wa Malam komai, don kada in ɗaga shi in kayar.

Wata rana bayan azahar ina tankaɗen gari, na san dai na bar Dije a ɗaki, sai ga Indo matar Malam Lawal ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce ƙara ta kawo, kuma ba ta son a ce mata yarinya ce. Dije ta haura katanga ta haye mangwaronta, ta kakkaɓe ɗanyu, ta karya mata reshe guda mai 'ya'ya, da ta yi magana kuma ta murguɗa mata baki ta dire ta gudu.

Na ce, “Wace Dijen?”

“Dije nawa gare ki?”

“Ita ta hau? Da ƙafarta?”

“A'a, ɗaukar ta na yi na ɗora. Maman Dije, wai dariya ma kike?”

Ban san me fuskata take yi ba. Na karkaɗe hannu, na ja mayafi, na ce ta yi wa Allah ta zo ta nuna mini. Muka shiga gidanta tana ta faɗa. Reshen yana ƙasa, ganye bai ko yi yaushi ba. Na ɗaga kai ina neman inda ya ɓalle, ban gani ba, sai da Indo ta kama kafaɗata ta ja ni baya, ta miƙa hannu ta ce ba nan ba, can, can sama.